Mai Fenti da Faifan Haj Barka

Abdourahamane Maman Sani ya shekara goma sha huɗu yana fentin motoci a Sabha, kuma a wuri ɗaya ya yi su duka, a warshar Mu'ammar da ke bayan layin masu walda a unguwar Mahdiya. Warsha ita ce gareji a bakin mutanen garin. Abdourahamane mutumin Mirriya ne, kusa da Damagaram, ɗa na uku a gidan wani mai lambu. Bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Yana da shekara goma sha bakwai ya shiga Damagaram, ya kama shafa wa ƙofofi da gadajen ƙarfe fenti a wurin wani mai walda. Daga nan ya haura Agadas, inda ya koyi riƙe bindigar feshi a jikin manyan motoci. A shekarar 2010 ya hau bayan wata mota da ya yi wa fenti da hannunsa, ta sauke shi a Sabha bayan kwana tara.

Da yaƙi ya tashi shekarar da ta biyo, yawancin waɗanda suka zo tare sun koma gida. Shi ya zauna. Ya yi wata biyu a kulle cikin warsha, Mu'ammar yana kawo masa burodi da kifin gwangwani. Ba ya yawan ba da labarin wannan lokaci. In an tambaye shi, yakan ce a nan ya koyi Larabci, don ba abin da yake yi sai sauraren rediyo. Matarsa Safoura tana Mirriya da yara huɗu, yana zuwa ganinsu duk bayan shekara biyu.

Mutum ne siriri, marar yawan magana, kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar injin iska. Masu aikin warsha suna ce masa Usta, kamar yadda ake kiran duk wanda ya ƙware a sana'ar hannu. Suna kuma yi masa dariya a kan wata ɗabi'a tasa. Kafin ya fesa fenti, sai ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfar feshi gaba ɗaya, sannan ya ɗaura sarƙa a ƙarƙashin motar ya bar bakinta yana taɓa jiƙaƙƙen siminti. In bamba ce ta roba, ba ya yarda a goge ta da busasshen tsumma ko kaɗan.

Wata Talata cikin watan Maris wani mutum ya kawo farar mota a yi wa bambarta ta baya fenti. Sunansa Aziz, ma'aikacin awon filaye ne, ɗan shekara hamsin da wani abu, yana zaune a unguwar Hajara. Bai tafi ba, ya ja kujerar roba ya zauna yana kallon aikin. Da ya ga ana ɗaura sarƙa, sai ya tambaya.

"Usta, motar guduwa za ta yi?"

Abdourahamane ya juyo masa da kunnen dama, aka maimaita tambayar. Ya ce, "A'a, Ustaz. Wuta nake sauke mata."

"Wace wuta? Ai ka cire batir."

"Ba ta batir ba. Wadda ke cizon yatsa in ka taɓa ƙofar mota da rana. Wadda ke tartsatsi in ka tuɓe rigar nailan. Roba tana tara ta in an goge ta, balle a garin nan da iska ba ta da laima. In tana jiki, duk ƙurar da ke rumfar nan sai ta taso ta manne a kan ɗanyen fenti."

Ya ɗauki wani guntun bamba, ya goga shi da hannun rigarsa sau biyar, ya kai kusa da garin katako da ke ƙasa. Garin ya yi tsalle ya manne. Aziz ya daɗe yana kallon guntun robar. Da ya zo ɗaukar motarsa ranar Alhamis, ya zo da wani abu a naɗe cikin tawul. Faifan garmaho ne, ƙarami, baƙi, da rami a tsakiya.

Ya yi bayani a tsaye. Mahaifinsa, marigayi Haj Barka, direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana kai dabino da barguna Agadas da Damagaram, wani lokaci har Kano. Ya bar akwati ɗaya cike da faifai, wajen guda sittin. Aziz ya kai na'urar garmahon wurin mai gyaran rediyo, an sa mata sabon bel da sabuwar allura, tana juyawa lafiya. Amma duk faifan da ya ɗora, ƙaras-ƙaras ɗin da ke fita ta fi waƙar ƙarfi, kamar ana soya wani abu a cikin lasifika. Yana gogewa, abin yana ƙaruwa.

"Da me kake gogewa?"

"Da ƙyallen goge gilashin mota. Mai taushi ne."

Abdourahamane ya zare faifan daga ledar da yake ciki. Ledar ta bi faifan tana mannewa. Ya kai shi kusa da damtsensa, gashin hannun ya miƙe. Ya ce, "Ita ce."

Bai taɓa riƙe faifai ba kafin wannan rana. Yana yaro ya ga garmaho a gidan wani tsohon soja a Mirriya, amma daga bakin ƙofa. Ya ce a bar masa wannan ɗin ya gwada. Akwai wani ruwan magani da yake shafa wa bamba kafin feshi, mai ɗan sirkin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Da yamma bayan an tashi aiki ya ɗiga shi a auduga ya shafa a gefe ɗaya na faifan. Nan take baƙin ya koma toka-toka, layukan suka yi laushi, audugar ta fito da baƙi. Ya ajiye ya zuba masa ido. Washegari Juma'a ba a buɗe warsha, ya kwana biyu da abin a ransa. Ranar Asabar da Aziz ya leƙo, ya miƙa masa kafin su gama gaisawa.

"Na lalata shi, Ustaz. Maganin mota na sa masa."

Aziz ya juya faifan ya karanta takardar tsakiya. Ya ce wata mawaƙiya ce ta Masar, akwai nata guda huɗu a akwatin, dama shi ya sa ya zaɓi wannan. Fuskarsa dai ba ta sake ba. Ya ce, "Akwai wanda in ka yi wa haka, ba za mu sake gaisawa ba."

"To kada ka ba ni shi tukuna."

Ɗaya gefen faifan bai lalace ba, a kansa ya ci gaba da gwaji. Ya bar maganin mota. Ya ɗebo ruwan batir, wanda aka tace ba gishiri a cikinsa, domin ruwan famfon Sabha yana barin farin tabo a kan duk abin da ya bushe. Ya ɗiga sabulun wanke kwanuka ɗigo ɗaya a cikin kofi guda. Ya kife murfin kwalba a kan takardar tsakiya don kada ta jiƙe, ya bi layukan da sabon burushin fenti mai laushi, yana zagayawa yadda suka zagaya. Ya ɗauraye da ruwan batir zalla, ya jingina shi a inuwa. Da ya bushe, ya kai shi kusa da damtsensa. Gashin bai motsa ba.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, Aziz ya zo ya ɗauke shi zuwa Hajara. Wannan ne karo na farko da ya shiga falon baƙi na wani gida a Sabha ba don ya yi aikin bango ba. Ya tuɓe takalmi, ya tsaya yana duba ɗakin yadda yake duba rumfar feshi. Kafet ɗin roba ne daga bango zuwa bango. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. A kan farantin garmahon akwai wani zagayayyen ƙyalle mai gashi-gashi, wanda ke bin faifai ya tashi duk lokacin da aka ɗaga shi.

Ya ce a kashe na'urar sanyi, a naɗe kafet daga kusurwar da garmahon yake. Aziz ya sunkuya suka naɗe tare. Abdourahamane ya sa aka kawo tawul biyu, ya jiƙa su ya rataye a bayan kujeru, ya goge tayil ɗin da ruwa. A bayan garmahon ya ga wani ɗan noti da ba a ɗaura masa komai ba. Ya zaro waya daga aljihu, ya ɗaura bakinta ɗaya a notin, ya ja ɗaya bakin ta taga zuwa bututun ruwa na ƙarfe da ke bin bangon waje, ya kankare tsatsar ya ɗaure. Suka ɗora faifan Masar ɗin ta gefen da ya tsira. Ƙarar ta ragu sosai. Akwai sauran ƙas, ƙas da ke dawowa duk zagaye, ya ce wannan karce ne, ruwa ba ya maganinsa.

Ƙyallen farantin ne ya rage. Don shi ya je wurin Hama, wani Bazabarme dattijo mai gyaran takalma da ke zama a bakin wani shagon kayan gini a Mahdiya. Sun daɗe da sanin juna, ɗakunansu na haya suna kallon juna. Ya ce yana son fatar akuya jemammiya, mai laushi, a yanka ta zagaye daidai faɗin tire, a huda tsakiya.

Hama ya ce, "Kai Badamagare, tabarman aljani ne za ka yi?"

"Baba Hama, kai dai yanka."

Fata ba ta tara wannan wuta kamar nailan, ya lura da haka tun a kujerun motoci. Da aka shimfiɗa ta a kan farantin, faifai ya daina ɗauko komai. Ledojin da faifan suke ciki kuwa ya ce a zubar, suka yanka farar takarda suka yi wa kowanne riga.

Juma'a shida ya yi yana zuwa. Yana wanke kamar takwas, ya jera su a kwandon kwanukan da aka aro daga cikin gida, su sha shayi kafin su bushe. Mahaifiyar Aziz, tsohuwa da ake ce wa Hajja, ba ta fitowa, amma takan aiko da shayi da gyaɗa a ciki, wani lokaci da tambaya ko baƙo ya ci abinci. Abdourahamane ba mai jin waƙa ba ne. In an ɗora faifai yakan karkata kunnen dama wajen lasifika, ya ce a sake wanke wannan, ko ya ce wannan ya yi.

A Juma'a ta shida Aziz ya shiga ciki ya fito da wanda ya ɓoye. Takardar tsakiyarsa ta goge, ba a iya karanta komai sai hoton wani tsuntsu. Ya ce wannan waƙar Hausa ce. Mahaifinsa ya zo da shi daga Kano tun kafin a haife shi, kuma duk dangi sun san cewa mawaƙin Haj Barka ya yi wa waƙar. Suna yara in an ɗora shi, sukan ƙirga sau nawa aka ambaci sunan. Babu mai jin Hausa a gidan, mahaifin kuwa in an tambaye shi abin da ake cewa, sai ya ce yabo ne, ya kashe garmahon.

"Ina so ka wanke shi, sannan ka faɗa mini abin da yake cewa, kalma da kalma. Zan rubuta wa 'ya'yana."

Faifan ya fi sauran datti. Sai da ya wanke shi sau uku. Aziz ya fita raka wani maƙwabci da ya yi sallama, ya ce ya gwada kafin ya dawo. Abdourahamane ya sauke allurar. Kalangu ya fara, sai muryar namiji mai kaushi, da 'yan amshi. Waƙar direbobi ce. Amshin yana yi musu barka da hanya, barka da sauka, barka da gajiya. Wannan ita ce barkar da yaran gidan suke ƙirgawa. Mawaƙin ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ba shi riga, wanda ya ɗauke shi kyauta zuwa Maraɗi. Sai kusa da ƙarshe ya zo kan Balarabe Barka na Sabha mai jar mota. Ya ce shi ne ke tsaga dabino ɗaya gida huɗu ya ba yaran mota, ya adana ƙwallon. Ya ce in zai dafa shayi sai ya juya wa tasha baya. 'Yan amshi suka yi dariya a cikin faifan.

Da Aziz ya dawo, Abdourahamane ya ce masa bai gama bushewa ba, a bari sai mako mai zuwa.

A cikin makon ya gaya wa Hama, suna zaune a bakin shagon da azahar. Hama ya ajiye basillarsa ya yi dariya har da tari. Da ya natsu ya ce, "Ka ce masa yabo ne. Uba ya ce yabo, kai ma ka ce yabo. Mutum ya mutu, ɗan yana murna, mene ne naka?"

"Ya ce kalma da kalma, Baba Hama. Kuma rubutawa zai yi."

"To ya rubuta."

"Sabha cike take da masu jin Hausa. Gobe ya sa wa mai ban ruwan gonarsu, ya ji wani abu dabam."

Hama ya ɗaga kafaɗa ya koma kan takalminsa. Ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Ranar Juma'a Aziz ya shirya littafi da biro. Ƙofar da ke shiga cikin gida tana buɗe kaɗan, an saki labule, ana ganin ƙafar kujera a bayansa. Aka ɗora faifan. Muryar ta fito tas, sai ɗan karce ɗaya wajen tsakiya. Abdourahamane yana ɗaga allura bayan kowane baiti yana fassarawa da Larabcinsa na warsha. Ya fara da amshin. Ya ce barka a Hausa gaisuwa ce, kamar yadda su suke cewa mabruk ko sannu da hanya, ba sunan mutum ba ne a wannan wurin. Aziz ya daina rubutu.

"Duka?"

"Duka na amshin. Amma akwai wuri ɗaya da sunansa ne. Yana gaba."

Da aka zo wurin, ya ɗaga allurar, ya faɗi abin da aka ce. Bai ƙara ba, bai rage ba, har da juya wa tasha baya. Yana magana yana kallon farantin da ke juyawa.

Sai aka ji dariya daga bayan labule, ƙasa-ƙasa da farko, sannan ta ƙi tsayawa. Hajja ta yi magana da ɗanta, ba da baƙon ba. Ta ce, "Wallahi mutumin nan ya san babanka. Shekara arba'in sukari yana cikin akwati, mabuɗin yana aljihunsa. Ka ce ya sake sa wurin."

Aziz ya ce, "Yumma, Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Ka ce ya sake sawa."

Aka sake sawa sau biyu. Aziz bai yi dariya ba. Ya rufe littafin, ya mayar da faifan cikin rigarsa ta takarda, ya kai Abdourahamane Mahdiya a mota ba tare da sun yi wata magana ba, sai godiya da ya yi masa a bakin layi. Akwai faifai tara da ba a wanke ba a akwatin. Bai zo ɗaukarsa Juma'ar da ta biyo ba, ko wadda ta bi ta.

Abdourahamane bai neme shi ba. Lokacin zafi ya shigo, aiki ya yi yawa, motocin da suka yi karo a hanyar Ubari suna ta zuwa. Hama yakan tsokane shi, ya ce gaskiyarsa ta hana shi shayi mai gyaɗa.

Bayan wata uku wani malamin makaranta ya zo warsha da kwali a hannu, ya ce Ustaz Aziz ne ya kwatanta masa wurin. Faifan karatun Alƙur'ani ne na kakansa, manya, guda goma sha biyu. Daga baya wani mai shagon magani ya kawo nasa. Ba su da yawa masu irin wannan kaya a Sabha, a shekara bai fi mutum huɗu ko biyar su zo ba. Mu'ammar ya ba shi wani lungu a bayan ofis inda feshi ba ya kaiwa, ya ajiye jarkar ruwan batir da burushi biyu da kwandon kwanuka nasa na kansa. Hama ya yanka fata zagaye har guda bakwai kafin ya koma Dosso.

Aziz da kansa sai da kaka ya dawo, da sauran faifai taran a cikin tawul. Ya ce Hajja tana sa a ɗora mata na Hausar duk lokacin da 'yan'uwanta mata suka zo, ta haddace inda baitin yake, tana nuna musu da yatsa. Ya ce ya rubuta fassarar a ƙarshe, amma bai ba yaran ba tukuna. Bai zauna ba, ya ce yana da awo a Zighan.

Bara tari ya kama Abdourahamane, ya ƙi tafiya. Likita ya ce ƙirjinsa ya sha fenti ya isa, ya bar feshi. Bai bari duka ba. Yanzu shi ke haɗa kala da shirya jikin mota, wani mutumin Tawa ke riƙe bindigar, shi kuma yana tsaye daga bakin rumfa da ƙyalle a hanci yana nuna masa inda ya yi kauri. Yana cewa zai koma gida bayan babbar salla ya buɗe wurin fentin ƙofofi. Mu'ammar ya ce ya ji wannan magana sau uku, kuma ya riga ya karɓi aikin motocin wani kamfanin ruwa guda takwas da za a fara a watan gobe.